Hatsarin jirgin ruwa daga gaɓa yake farawa

A aikin agajin gaggawa da nake yi a Kaduna an sha tura mu kwas kan haɗurran ruwa, kuma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne, da yawa daga cikin jiragen da suka nutse tun suna gaɓa aka yi sakacin da ya halaka su.

Jirgin Le Joola na ƙasar Senegal, wanda ya kife a tekun Gambiya ranar 26 ga Satumba 2002, an ƙera shi ne don ɗaukar mutanen da ba su kai 600 ba, amma waɗanda hukuma ta ƙirga sun mutu sun kai 1,863, adadin da ya haura na Titanic a 1912. Iska ce ta kifar da shi, gaskiya ne, sai dai ta tarar da jirgin da lodi ya riga ya fi ƙarfinsa. Shi kuwa Herald of Free Enterprise, a 1987 ya bar tashar Zeebrugge ta Beljiyam ƙofofinsa na gaba a buɗe, domin wanda aka ɗora wa rufe su barci yake yi, kyaftin kuma ya ɗauka an rufe. Mutum 193 suka rasu.

Wannan halin ne nake gani a wuraren fito na ƙasarmu. Za ka tarar an loda buhunan masara da babura a tsakiyar kwale-kwale, mata da yara sun zagaye su, tazarar ruwa da bakin jirgin ba ta wuce tafin hannu ba, yaro ɗaya kuma yana ta kwashe ruwa da kwano tun ba a tashi ba. In an yi sa'a akwai rigunan kariya, to a kansu ake zaune. A yankin Patigi, kusa da inda Kogin Kaduna ya haɗu da Neja, sama da mutum 100 suka rasu a watan Yunin 2023 suna dawowa daga biki cikin dare. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar kariya, amma mai fito da ake biya bisa yawan fasinja ba zai kori kuɗinsa da kansa ba, kuma ba na ganin laifin matar da ba ta da gada ko hanyar mota zuwa kasuwa. Dole a sami wani a gaɓa, sarkin ruwa ne ko jami'i, wanda aljihunsa ba ya cikin lodin, kuma idan ya ce ya isa, ya isa.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya a wurin ceto shi ne rashin rubuta sunayen fasinjoji. Masunta kan kwana suna lalube ba tare da an san mutum nawa ake nema ba, iyalai na tsaye a bakin ruwa, babu mai iya ce musu an gama. Shi ya sa duk wurin fiton da aka tura ni wayar da kai, littafi da biro nake fara nema wa shugabannin masu jirgi, in roƙe su kada injin ya tashi sai an rubuta sunan kowa da garinsu.