Ɗan layin da ke ƙarƙashin wasali

Ranar da malaminmu na ilimin harsuna ya ba ni aikin nazari a kan harshen Gungu, na ɗauka Gunganci yake nufi, yaren Gungawan ƙasar Yawuri. Ashe suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan a Uganda yake, masu shi suna ce masa Lugungu, su kuma Bagungu. Harshe ne na dangin Bantu, cibiyarsa gundumar Buliisa a gaɓar tafkin Albert, inda kamun kifi da noma suka zama abin dogaron jama'a. Yankin na cikin masarautar Bunyoro, shi ya sa aka daɗe harshen Runyoro yana yi masa inuwa a makaranta da coci.

Wajen buga misalai a kwamfuta na gamu da abin da ya tsaya mini a rai. Wasu wasulan i da u suna ɗauke da ɗan layi a ƙasansu, i̱ da u̱. Na zaci ado ne, na share. Da malam ya duba takardar, sai ya ce, "Ka san wasali biyu ka zubar?" Lugungu wasali bakwai ke gare shi, boko kuwa biyar ya tanada, irin biyar ɗin da suka ishi Runyoro. Layin nan ne ke raba i da u masu nauyi da 'yan'uwansu. In aka cire shi, kalma ta rasa kamanninta, mai karatu ya koma lalube. Dogon wasali kuma ninka shi suke yi, kamar yadda yake a sunan Buliisa, abin da mu ba mu yi, har garin tuwo da garin Kano suka zama rubutu ɗaya.

Abin ya dame ni ƙwarai, domin na san zafinsa a gida. Sau nawa muke ganin an rubuta kasa ana nufin ƙasa, ko bata a maimakon ɓata, mu ce ai an gane? Mu miliyoyi ne, muna da rediyo da jaridu, kunne ya riga ya saba. Bagungu ba su kai ko kusa da mu ba, yaron da ke koyon karatu da harshensu abin da ke kan takarda kaɗai ya riƙe.

Kwana biyu na yi ina sake buga misalan nan, kalma bayan kalma, ina mayar da kowane layi gurbinsa. A makon ne kuma na sa wa wayata allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ.