Sha biyun dare uku a Itacen Tenere

Shekara huɗu na yi ina koyarwa a Bilma, kuma kowane hutun ƙarshen shekara sai na gangaro Damagaram in duba tsohuwata. Komawar ce aiki. A ɗaya daga cikin komawar nan ne 31 ga Disamba ta riske ni a saman wata babbar mota, zaune kan buhunan gero da kwalayen taliya, kwana biyu da barin Agadas.

Gab da magariba direbanmu ya tsaya a Itacen Tenere, ya ce ko ninka masa kuɗi za a yi ba zai shiga rairayin Fachi da dare ba. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka akwai inuwa a wurin. Itacen ƙayar da ya ba wurin suna, tun 1973 wani direba ya banke shi, a filin da ko makaho ka saki ba zai yi karo da kome ba. An kwashe gungumen zuwa gidan tarihi na Yamai, aka kafa wani na ƙarfe a madadinsa. Rijiya dai tana nan, ita ce ke tara mutane.

Mun iske wata Hilux ta wani Tubu mai zuwa Dirku, maƙare da samari, bakwai daga cikinsu 'yan Ghana. Can gefe kuma ayarin Buzaye ne da suka makara, suna dawowa daga Bilma da kantun gishiri da dabino.

Ni ɗan Damagaram ne, na san hunturu, amma sanyin Tenere daban yake. Rana na faɗuwa yashi ke sakin zafinsa gaba ɗaya, jaura ta taso ba abin da zai tare ta. Riga uku na saka, na naɗe kai da rawani, na lulluɓa da bargo, duk da haka haƙorana suna haɗuwa. 'Yan Ghana kuwa abin tausayi, wani safa ya zura a hannu. Ga mu wajen mutum sittin a gindin itace, ba mu da ko tsinken hura wuta. Yaran ayari suka tsinto busasshen kashin raƙumi, direbanmu ya ɓalle wani katako daga jikin motarsa yana ƙunƙuni, muka yayyaga kwalaye. Da haka wuta ta kama, aka ɗora shayi, Buzaye suka binne ƙullin tagella, gurasarsu, cikin yashi mai zafi.

Ƙarfe sha ɗaya sai Tubun nan ya danna ham, ya ce shekara ta shiga. Agogonsa na kan lokacin Libiya, kuma ya rantse ba zai gyara ba, tunda can yake karɓar kuɗinsa. Aka yi dariya, aka sha shayi. Da tamu ta Nijar ta buga na fito da gwangwanayen kifi shida da na yi niyyar ja har Fabrairu (har yau ban san abin da ya hau kaina ba), aka dangwala da tagella mai ƙas-ƙas ɗin yashi. Na zaci an gama.

Sai wani yaro ɗan zangon Kumasi, mai Hausar nan tasu da ba ruwanta da mace ko namiji, ya matso kusa da ni.

"Malam, mu saura awa ɗaya. Abokaina Kiristoci ne, a gida yanzu uwayensu na coci, ba a barci sai ya shiga."

Na dubi wutar, saura garwashi. Direbanmu ya ce wallahi ba zai ƙara ɓalle ko ƙusa ba.

Madugun ayarin dattijo ne, tun farkon dare yake zaune bai tanka ba, in ban da cewa da ya yi shi shekararsa ta shiga tun Muharram, wannan hayaniyar ta masu albashi ce. Ya tambaye ni abin da yaron ya ce, na maimaita masa. Ya miƙe ya nufi kayansa, ya dawo da itace uku. Wanda ya san ayari ya san nauyin wannan. Daga ƙasarsu Ayar suke ɗauro makamashinsu da ciyawar raƙuma, a ƙirge, na zuwa da na dawowa, ga shi da sauran kwanaki kafin ya ga duwatsun gida.

Na ce, "Baba, ku fa?"

Ya ce, "Yara ne." Ya koma ya zauna.

Ƙarfe ɗaya suka tashi tsaye su shida, suka riƙe hannun juna, suka yi waƙar cocinsu da yaren Tiwi, murya na rawa saboda ɗari. Ɗan zangon ya tsaya bayansu yana tafa musu a hankali. Ba wanda ya yi dariya wannan karon, har Tubun ya kashe rediyonsa. Wani a cikinsu ya ɗaga waya sama yana neman layi, alhali tun daga Agadas rabonmu da shi.

Alwalar asuba sai da ta sa ni hawaye. Kafin in sallame Hilux ta tashi, ban ko yi sallama da yaron ba. Ina hawa kan buhuna na hango madugu durƙushe a bakin toka, ya zaro guntun itace ɗaya da bai gama cinyewa ba, ya goge shi da yashi, ya ɗaure a kayan raƙuminsa.