Daga Damagaram zuwa ƙanƙarar Tubkal

Mutanenmu in aka ce Maroko, zawiyar Shehu Tijjani da ke Fas suke tunawa, sai kuma kasuwar Marakesh. To ni abincina yana can gaba da Marakesh ɗin, cikin duwatsun Atlas, inda daga Disamba har wajen Maris dusar ƙanƙara ke rufe ko'ina fari fat. 'Yan ziyara da masu zuwa hutu nake ɗauka in kai su kwarin Imlil, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota, wanda ke da gwiwa kuma mu haura da shi ƙololuwar Tubkal, mita 4,167, duk Arewacin Afirka ba dutsen da ya kai shi.

Karatu ne ya kawo ni ƙasar nan, ni da ban san sanyin da ya wuce na hunturu ba. Hawana na farko kambas na sa da wandon jins, wai ni ga saurayi, kafin mu wuce Sidi Shamharush, wurin nan mai ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti, wallahi na daina jin yatsun ƙafata. Wani dattijo mai alfadarai ne ya zaunar da ni ya haɗa min shayi da na'ana'a, ya ce ɗana saurin me kake, dutsen nan ba inda za shi. Da na ji ya kira ruwa da aman, daidai yadda Buzayenmu ke faɗa, sai na ji kamar na gamu da ɗan'uwa. Hunturu uku na yi ina bin bayan alfadarinsa, a nan na koyi duban sama, da gane ƙanƙarar da za ta ɗauki mutum da wadda za ta zame da shi.

Kwana biyu muke yi, ba na ragewa. Ranar farko daga Imlil zuwa masaukin da ke mita 3,200 da 'yan kai, a hankali, ana tafe ana shan ruwa, kuma inda ƙanƙara ta fara nan alfadari yake tsayawa, sauran kayan a baya ake goya su. Kafin asuba muke tashi da tocila a goshi, don lokacin ƙanƙarar na da tauri haƙoran ƙarfen da ake ɗaurawa a takalmi suna kama ta sosai, in rana ta ɗaga sai ta saki ta zama wahala. Ƙarafan nan ni da hannuna nake gwada wa kowa su tun a ƙasa. Ruwan alwala kuma a ɗumame baƙona yake samunsa, wannan kam ba kowa ke tunawa da shi ba. In na ga mutum ya ture abinci, kansa na sara masa, yana jin amai, to iskar sama ce ta yi masa kaɗan, ƙasa za mu yi ko da minista ne.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu araha. Za ka ga yaro a dandalin Marakesh da hotuna a waya yana cewa Tubkal a yini ɗaya rabin kuɗi, takalman hayarsa duk sun buɗe baki. Sai Alhaji ya turo min farashin ta WhatsApp, malam ga wani can ya fi ka sauƙi, a rage mana don Allah. Ranka ya daɗe, me zan rage, safar hannu ko abincin mai alfadari? Tun bayan kisan da aka yi wa wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido a dutsen a ƙarshen 2018 ma ba a hawa sai da jagora mai lasisi, jandarmomi na duba fasfo a hanya, nawa jagororin kuwa 'yan ƙauyukan kwarin ne, mutanen da girgizar ƙasar Satumba 2023 ta taɓa, ba zan tsaya ciniki da guminsu ba.

Masu iyali ba sai sun wahala ba, Ukaimidan, wurin wasan ƙanƙara da ke cikin duwatsun, nake kai su yara su yi ta sulu a ƙanƙara su ci tajin, dahuwar tukunyar ƙasa ta 'yan Maroko, da zafinsa mu dawo kafin magariba. A taho da safa mai kauri da baƙin tabarau. Babbar riga kuma a ninke ta a jaka, sai mun kai sama a zumbula a ɗauki hoto.