Idan kyamara ta daina jin lens: abin da za ka duba kafin ka kai ta gyara

Ƙannena masu ɗaukar hoto, ku duba cikin bakin kyamararku, wato wurin da lens yake hawa, bayan kun cire lens. A irin su Canon akwai 'yan tsinkayen ƙarfe masu ruwan zinare a jere, kowanne da sifirin a bayansa, a gindin lens kuma akwai ɗigo-ɗigon zinare da suke hawa kansu. Ta nan wuta take shiga lens, ta nan kuma yake karɓar umarnin fokas da na afaca, wato ƙofar haske. Tun 1987 da Canon ta fito da bakin EF, wutar nan ce kaɗai hanyar da kyamara take motsa fokas da afaca a cikin lens ɗinta. Tsinkayen EF 8 ne a jikin kyamara, na RF da ya zo a 2018 kuma 12. Ɗaya ya kasa taɓawa, aiki ya tsaya.

Idan haka ta faru, Canon za ta nuna maka Err 01 ko F00, tsofaffin kuma Err 99. Nikon da Sony sukan nuna F da layi biyu a maimakon lamba. Amma FEE a Nikon ba datti ba ne: zoben afacar lens ɗin ne ba ka kai shi lamba mafi girma ka kulle ba.

Kada ka fara da goge-goge. Kashe kyamarar, cire batir, cire lens, ka mayar da shi ka murɗa har ka ji ƙas, sannan ka sa batir mai cikakken caji. Idan abin bai tafi ba, ari lens ɗin abokin aikinka ka ɗora a taka, naka kuma a tasa. Duk inda matsalar ta bi, can take. Minti 2 ke nan, amma ya raba ka da biyan kuɗin buɗe kyamarar da lafiyarta lau. Mai amfani da adafta, wato zoben da ake sawa tsakanin kyamara da lens, ya cire ta ya gwada, domin ita ta ninka wuraren haɗuwar.

A Kano dattin kala-kala ne. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da maiƙon hannu ta zama wani siririn danƙo. Zufar Afrilu akwai gishiri a cikinta, laimar Agusta kuma tana dusashe ƙarfen, musamman ga lens ɗin da ya kwana a jaka babu murfin baya. Ga hayaƙin turaren wuta a wajen kamu. Wanda ya canja lens a tsakiyar Hawan Daushe, dawakai suna tada ƙura a Ƙofar Kudu, shi ya gayyato wa kansa.

Wajen sharewa, fara kifa kyamarar, bakinta yana kallon ƙasa, ka hura da famfon roba. Ba da baki ba, saboda yawu. Ruwan da ya dace shi ne isopropyl mai ƙarfin kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari, irin wanda masu gyaran waya suke wanke allon waya da shi. Ka tambaya a Farm Centre, ka kuma karanta jikin kwalbar. Ɗigo ɗaya a kan ƙyallen goge tabarau mai tsabta ya isa, ya yi danshi kawai, kada ya jiƙe. Goge ɗigon zinaren lens ɗin daga gefe guda zuwa ɗayan, sau 2 ko 3, ka juya ƙyallen wajen busasshe ka sake bi. Tsinkayen kyamara kuwa dangwala su za ka yi a hankali, ba cuɗawa ba, kana kiyaye madubi da sansa, wato allon da hoto yake sauka a kansa. Bari minti 1 ya bushe kafin ka haɗa.

Kilinar fensir, wadda da yawanmu muka yi amfani da ita a farkon sana'a, ita ce abin da na fi hana ku. Tana yin aiki a ranar, shi ya sa take yaudara. Ruwan zinaren nan bai kai kaurin gashi ba ko kusa; kilina tana kankare shi, ƙarfen ƙasa ya fito ya riƙa dusashewa, matsalar da take zuwa sau ɗaya a shekara ta koma ta kowane mako. Ɓurɓushinta kuma cikin kyamara yake zuba. Tina da fetur suna cin roba. Sanitaiza tana barin santsin gilisarin. Reza da allura ba ma a maganarsu.

An share, bai daina ba? Haska tocilan waya ka dubi tsinkayen daga gefe, dukkansu su tsaya ƙyam. Danna kowanne da tsinken sakace: mai lafiya zai shiga ya dawo nan take, wanda ya maƙale a ciki sai mai gyara. Sannan ka riƙe lens ɗin ka ɗan jijjiga shi. Ɗan motsin juyawa kaɗan ba laifi ba ne, amma idan yana rangaji sama da ƙasa, duba sukurorin zoben gindinsa, domin jijjigar Adaidaita Sahu da rataya babban lens a wuya suna sassauta su. Ɗaure su da sukundireban da ya zauna daidai, irin na JIS, wato mai bakin kuros na ƙirar Japan, kada ka matse da ƙarfi kan ya lalace. Ƙananan lens masu gindin roba, irin 18-55, haƙoran gindin ne suke cinyewa ko su karye, kuma ana canja zoben shi kaɗai.

Akwai kuma lalurar da take kama da datti alhali ba shi ba ce. Sa kyamarar a Av ko A, inda kai kake zaɓar afaca, buɗe afaca gaba ɗaya ka ɗauka, sannan ka tsuke ta zuwa f/11 ka sake ɗauka. Idan na farko ya fita, na biyu ya kawo Err 01, siririn fileks ɗin, wato faffaɗar wayar da take kai wuta ga afaca, shi ne ya tsage a cikin lens. Haka idan abin yana zuwa ne a wani tsawon zum kawai, domin fileks ɗin yana lanƙwashewa duk sanda ka murɗa. Ko ka kwana kana gogewa ba zai gyaru ba, sai an buɗe an canja shi. Idan a tsakiyar biki ya same ka, bar afacar a buɗe ka daidaita haske da saurin shata da ISO, wato ƙarfin karɓar hasken sansa, har ka tashi.

Wannan gwajin shi za ka yi wa duk lens na hannu kafin ka biya: a kan kyamararka, a kowane tsawon zum, a buɗe da kuma a f/11. Wasu tsofaffin lens na Sigma na zamanin fim ba sa jituwa da Canon ta dijital ko da tsinkayen suna ƙyalli, saboda haka kada ka yarda da gwajin da aka yi a kyamarar mai sayarwa.