Yawon ƙafa da iyali a Cape Coast: kurmin Kakum, tudun Elmina da gaɓar teku

Daga Akra, babban birnin Gana, zuwa Cape Coast tafiyar kusan kilomita 150 ce, awa uku ko ƙasa da haka idan cunkoson motoci a garin Kasoa bai riƙe mutum ba. Abin da ya sa yankin ya dace da mai yara shi ne kurmi da teku ba su da nisa da juna. Gandun dajin Kakum yana arewa da garin da kamar kilomita 30, a kan hanyar Jukwa zuwa Twifo Praso, Elmina kuma tana yamma da bai wuce kilomita 15 ba. Ana iya kama masauki ɗaya, a shiga daji yau, gobe a bi gaɓa, ba sai an yi ta kwasar kaya ba.

Babu hanya a nan da tsawonta zai gagari yaro ɗan shekara bakwai. Abin da ke karya iyali shi ne lokacin da suka fito, da takalmin da suka sa, da ruwan da suka riƙo. Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi ya san zafi, amma zafin busasshiyar iska ne, gumi na fita yana bushewa, jiki na yin sanyi. A kurmi iskar cike take da danshi, gumin ba ya bushewa, sai ya yi ta zuba riga ta jiƙe, jikin kuma bai huce ba. Shi ya sa za ka ga ƙaton mutum da ke yin noma da tsakar rana a gida yana haki bayan minti goma a ƙarƙashin inuwa.

Kakum tun 1931 aka keɓe shi a matsayin daji mai kariya, a 1992 ya zama gandun daji na ƙasa. Faɗinsa wajen murabba'in kilomita 375 ne. Sunansa ya fita ne saboda gadar igiya da aka buɗe a 1995, wadda wasu injiniyoyi 'yan Kanada suka haɗa tare da 'yan Gana: gadoji bakwai a jere, tsawonsu duka kusan mita 350, an ɗaure su daga wata babbar bishiya zuwa wata, a wasu wuraren tsakaninka da ƙasa ya kai mita 30 zuwa 40. Wurin takawa katako ne mai faɗin da bai wuce na mutum ɗaya ba, a kan wani abu mai kama da tsani kwance, wayoyin ƙarfe na riƙe da shi, raga kuma ta tare gefe da gefe har kusan ƙirjin babba. Tsakanin gada da gada akwai ɗan dandamali na katako da ya kewaye jikin bishiya, nan ake tsayawa a numfasa.

Mutane na tsoron gadar, alhali hawan da ke kai wa gare ta ne ya fi cin ƙarfi. Daga wurin karɓar baƙi ana bin matakalai na duwatsu ana hawa tudu, minti 15 zuwa 20 ga mai tafiya da yara. Duwatsun ba daidai suke ba, kuma idan an yi ruwa da dare gansakuka da jiƙaƙƙen ganye na sa su santsi. Silifa da takalmi mai sulɓin ƙasa ba nasu ba ne. Kowa ya sa kambas mai ƙulli, har uwa, da safa. A sa yaron da ya fi kowa ƙanƙanta a gaba, bayan ɗan jagora, domin tafiyar kowa ta koma daidai da tasa. Idan aka bar shi a baya zai yi ta gudu yana cim ma manya, ya iso gadar ƙafafunsa na rawa tun kafin ya taka ta.

A kan gadar hannu biyu ake buƙata, ɗaya a kowace igiya. Wannan kaɗai ya isa ya yanke wasu shawarwari. Waya ta shiga aljihu mai zif, hoto sai a kan dandamali. Jaka ta zama ta goyo a baya. Mai goyon jariri da zani, shawarata ita ce ta tsaya ƙasa: zani na kwancewa idan jiki ya jiƙe da gumi, kuma babu wurin tsayawa a gyara shi a tsakiyar katako mai lilo. Dogon hijabi da abaya mai jan ƙasa na maƙalewa a raga da kan ƙusoshi, ga shi suna rufe wa mace ganin inda take sa ƙafa. Abin da ya fi shi ne doguwar riga zuwa ƙasa da gwiwa, wando mai kauri a ciki, da hijabi gajere. Maigida ma ya ajiye babbar riga a masauki.

Lilon gadar daga mutane yake zuwa. Idan mutum huɗu ko biyar suka taka a lokaci ɗaya, kowa da nasa takun, sai ta riƙa tsalle da karkata. A bar tazarar taku da yawa tsakanin mutum da mutum, a hana samari girgiza ta don wasa, a ce wa yaro ya kalli bishiyar da ke gabansa, kada ya kalli ƙasan ƙafarsa. Babba ya bi bayan yaro, ba gabansa ba, don ya riƙa ganinsa. Hanya ɗaya ake bi, ba a juyowa saboda masu zuwa a baya, amma akwai gajeriyar hanya ta gadoji uku ga wanda ya ga ba zai iya bakwai ba. A tambayi ɗan jagora tun a ƙasa a wane dandamali ake rabuwa, kuma a yi wannan maganar da yaran kafin a hau. Yaron da ya ce ba ya so, a ƙyale shi. Wanda aka tilasta wa shi ne ke sandarewa a tsakiya, ya riƙe igiya ya ƙi gaba ya ƙi baya, mutum ashirin na jira.

A ganina, ga yara 'yan ƙasa da shekara shida, yawon ƙafa a ƙasan kurmi ya fi gadar amfani. Ana biyan kuɗinsa dabam, ana tafiya da ma'aikacin daji awa ɗaya ko biyu, yana nuna itatuwa da abin da mutanen yankin ke yi da saiwa da ɓawonsu. Nan yaro zai tsaya a gindin rimi, irin namu dai, amma wanda saiwoyinsa suka tashi kamar bangon ɗaki har suka fi babansa tsayi. Sai dai a gaya wa yara gaskiya tun a mota: akwai giwayen kurmi a Kakum, akwai birai iri-iri, amma da wuya a gan su kusa da inda jama'a ke hayaniya. Abin da za su gani shi ne malam-buɗe-littafi kala-kala, tsuntsaye idan an yi sammako, ƙadangaru, da manyan tsirrai masu yaɗo da suka naɗe itatuwa. Yaron da aka yi wa alkawarin giwa zai dawo yana ƙunƙuni, wanda aka ce ya ƙirga launukan malam-buɗe-littafi kuwa sai an janye shi.

Abin da ya fi maciji yawan ɓata wa mutane rai a hanyar ƙasa shi ne kwarkwasa. Suna ratsa hanya a baƙin layi, wani lokaci faɗin tafin hannu. A tsallake su da dogon taku, kada a tsaya kallo a kusa, domin suna hawa takalmi shiru, sai sun kai cinya su fara cizo. A cusa ƙafar wando cikin safa. Idan sun hau yaro, a matsa gaba sosai tukuna, sannan a cire su ɗaya bayan ɗaya da hannu, kaɗewa ba ta fitar da su. Game da maciji kuwa, kada kowa ya sa hannu a rami ko ƙarƙashin ruɓaɓɓen icce, kada kuma a bar hanya.

Ruwa: ledar fiya wata rabin lita ce. A lissafa leda ɗaya ga babba a kowace awa ta tafiya, rabinta zuwa ɗaya ga yaro, a juye a gora mai murfi domin leda ba ta ajiyuwa idan an huda ta, kuma ba a yar da ita a daji. A riƙa ba yara kurɓi kowane minti 15 ko da ba su nema ba. Idan yaro ya yi shiru ba kamar yadda ya saba ba, yana kukan ciwon kai, ko ya daɗe bai yi fitsari ba, a zauna a inuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari. Ƙunshin ORS na kemis ya fi, a narka ɗaya a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin da sunan ƙarfi.

A yi ƙoƙarin isa ƙofar gandun wajen ƙarfe 8 na safe, a ranar aiki. Asabar da ranakun hutu, irin 6 ga Maris, ranar samun 'yancin kan Gana, motocin makarantu da na coci-coci ke cika wurin, a yi ta jira a rana. Wanda ya fara da wuri zai sauko kafin 11, ya koma gari ya yi azahar a masallacin zango a natse. Trotro, wato ƙananan motocin haya, na tashi daga wajen kasuwar Kotokuraba su sauke mutum a bakin hanyar gandun, amma mai yara uku gara ya yi shatar tasi zuwa da dawowa, a yi ciniki har da kuɗin jira kafin a shiga. Kuɗin shiga ya bambanta tsakanin ɗan ƙasa da baƙo, da tsakanin babba da yaro, don haka a riƙe katin shaida da tsabar sidi, kuɗin Gana. Abinci kuma a saya tun a gari. A zango ana samun waakye, wato shinkafa da wake, da koko da ƙosai ba tare da an yi ta tambayar wane nama ne ba.

Damina a nan biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, wadda ta fi ƙarfi a Mayu da Yuni, ƙarama kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Disamba zuwa Fabrairu hanya ta fi bushewa, ko da yake hazo kan rage nisan gani daga saman gada. Agusta ma ba laifi, da ɗan sanyi-sanyi. A farkon Satumba ake bikin Fetu Afahye a Cape Coast, masauki kan yi wuya.

Rana ta biyu ta Elmina ce, kuma yawon da ya fi dacewa da yara shi ne hawan tudun Fort St. Jago. Minti goma ne daga gadar da ke bakin tafkin Benya, hanyar hawa ce sosai amma gajeriya. Daga sama ana ganin katafaren ginin da Turawan Fotugal suka kafa a 1482, da kwale-kwalen masunta cunkushe a tafkin da tutocinsu. Daga kan wannan tudun ne Turawan Holan suka yi wa ginin ruwan igwa suka ƙwace shi a 1637, kuma yaro na tsayawa a wurin zai gane dalili da idonsa. Shiga ɗakunan da aka tsare bayi, a wannan ginin na Elmina ko a irinsa na Cape Coast, magana ce dabam. Duhu ne da ƙunci, masu bayani kuma ba sa sassauta labarin. Ɗan shekara goma zuwa sama ya kamata ya gani, a yi masa bayani kafin da bayan. Ƙanana su tsaya a farfajiya da wani babba. Ranar Talata masunta ba sa fita teku bisa al'ada, don haka mai son ganin ana sauke kifi ya zaɓi wata ranar.

Tekun nan ba wurin wankan yara ba ne, duk kyawun da ya yi a ido. Igiyar ruwa na fashewa da ƙarfi dab da gaɓa, idan za ta koma kuma tana zare yashi daga ƙarƙashin ƙafa. Akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki a siririyar hanya da gudu, kuma abin yaudara shi ne nan ne ruwan ya fi kama da kwantacce. Yara su tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, hannunsu cikin na babba, fuska na kallon teku. Tafiya a gaɓa ta fi daɗi lokacin da ruwa ya janye, yashi mai danshi ya yi tauri. Ruwan na cika ya janye sau biyu a yini, tsakanin cika da janyewa kamar awa shida, masunta ko masu masauki za su faɗa maka lokacin. Kusa da gari a bar takalmi a ƙafa saboda fasassun kwalabe da ƙugiya da ƙazanta. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, duhu kuma ba ya jinkiri, sai a juya tun 5.

Mai kwanaki da yawa da yara manya zai iya ƙarawa yamma, bayan Takoradi. Daga Busua zuwa ƙauyen Butre 'yan kilomita ne a bakin ruwa da kan wani tudu, a ƙarshe a hau zuwa kangon Fort Batenstein. A ɗauki ɗan gari ya yi rakiya, kada iyali su bi ta su kaɗai. Dajin Ankasa, kusa da iyakar Kwaddibuwa, ya fi Kakum ruwa da laka nesa ba kusa ba, hanyoyin cikinsa kan gagari ƙaramar mota da damina. Wannan a bar shi sai ƙaramin cikin yaran ya kai shekara goma.

Wanda zai shigo Gana daga waje ya tanadi katin rigakafin shawara na kowa da kowa, ana tambayarsa a iyaka da filin jirgi. Sauro kuwa duk shekara yana nan. A kwana cikin gidan sauro, a shafa maganin korarsa da magariba a hannu da ƙafa, ban da tafin hannun ƙananan yara da ke kai shi baki. Zazzaɓin cizon sauro ba ya nunawa sai bayan mako ɗaya ko fiye, sau da yawa an riga an koma gida. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi cikin makonnin da suka biyo baya, a kai shi gwajin jini a ranar, a kuma gaya wa likita inda aka je.