Fatalwar zanin gado da sauran kayan Halowin na ɗinkin gida

Daren 31 ga Oktoba, wato daren bikin Halowin, yara a Amurka kan yi shigar ban tsoro ko ta ban dariya, su bi gida-gida ana ba su alewa. Baƙin da suka yi ƙaura daga Ayalan da Sikotilan ne suka kai al'adar can a ƙarni na 19. Kayan kanti ba su yaɗu ba sai shekarun 1930, da kamfanoni irin su Ben Cooper suka fara yin su da yawa. Kafin nan uwa ce da almakashinta, har yau kuma gidaje da dama sun fi son na hannu. Wanda ya taɓa ganin 'yan tashe sun liƙa gemun auduga ya san irin dabarar: abin da ke cikin ɗaki, shi ne kayan aiki.

Shigar fatalwa ita kowa ke rainawa, ita ce kuma ta fi lalacewa. Farin zanin gadon mutum ɗaya ya kai kusan santimita 240 a tsawo, yaro ɗan shekara shida kuwa bai wuce 120 ba. In aka lulluɓa masa haka nan, gefe zai taɓa ƙasa, kusurwoyi huɗun kuma su ja ƙasa sosai, domin daga tsakiya zuwa kusurwa ya fi nisa. A tsayar da yaron da takalmin da zai fita da shi, a zagaye zanin da alli kamar santimita 15 sama da ƙasa, a yanke shi da'ira. Wurin ido ma da alli za a sa alama, a cire zanin tukuna kafin almakashi ya zo kusa. A fara da ƙaramin rami, santimita 3, ana iya ƙarawa amma ba a iya ragewa.

Babbar matsalar ita ce zamewa. Taku goma kawai, ramukan sun koma kunne, yaro na lalube a bakin titi cikin duhu. Maganinta a ɗinke tsakiyar zanin a jikin hular da ta kama kansa, wuri huɗu. A tsaga gefe biyu don hannuwa, in ba haka ba da me zai riƙe jakar alewa? Rigar matashin kai ce jakar da aka saba da ita, kuma ta fi bokitin roba ɗaukar kaya.

Gajarta zanin ba don tuntuɓe kaɗai ba ne. A ƙofar gidaje ana ajiye kabewa da aka fafe aka sa kyandir a ciki, zani mai jan ƙasa kuwa ba ya jimawa bai kama wuta ba. Audugar gemu ta fi shi saurin kamawa.

Mutum-mutumin kwali ya fi sauƙi. Ramin wuya santimita 18 zuwa 20, ramukan hannu su yi faɗi, a bi bakinsu da salatif mai kauri don kwali na yanka hammata. Ƙasan kwalin ya tsaya a ƙugu. In ya sauka zuwa cinya, yaro ba zai hau matakala ba, gidajen kuma yawancinsu da matakala a ƙofa. Fentin ruwa na jiƙa kwali ya lanƙwashe. Na feshi ya fi, amma a yi shi a waje kwana biyu kafin ranar, warin ya fita.

Masu shigar gawar Fir'auna kan yi kuskuren naɗa takardar bayan gida, raɓa ta narkar da ita kafin a gama layi ɗaya. A yayyaga tsohon zani, faɗin santimita 7, a jiƙa awa guda cikin lita biyu na baƙin shayi mai kauri don ya yi kalar tsufa. In ya bushe a ɗinka a jikin tsohuwar riga da wando daban-daban. Naɗa shi kai tsaye a jiki yana da kyau a hoto, sai dai in fitsari ya matsa, kwance shi aiki ne.

Fuskar roba na toshe gani, gara kwalliya: cokalin shayi ɗaya na sitacin masara, rabin cokali na man shafawa, rabin cokali na ruwa, ɗigo biyu na kalar abinci. A gwada a hannu tun ana gobe saboda ƙaiƙayi. Ja da shuɗi kan bar tabo har washegari.

Sai sanyi. Ƙarshen Oktoba a jihohi irin su Minesota da Mishigan dare na iya kaiwa ga ƙanƙara, don haka duk awon da za a yi, a yi shi yaro na sanye da rigar sanyinsa. A liƙa salatif mai ƙyalli a baya da jikin jakar, direbobi su hango shi.