Kyanwa mai cikin fari da gaggawar allurar naƙuda: abin da aikin dare ya koya mini

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin ƙananan dabbobi, kuma akwai magana ɗaya da nake so waɗanda za su gaji aikin dare su riƙe. Cike kati da wanke keji kowa ya iya, ba sai na taɓo su ba. Maganar ita ce, kyanwa mai cikin fari tana tayar wa mai ita da ma'aikaci hankali tun kafin wani abu ya ɓaci, kuma yawancin ɓarnar da ake yi mata daga wannan tashin hankalin take fitowa. Mafi munin ɓarnar kuwa ita ce allurar naƙuda, wato oksitosin, da ake cewa a yi mata alhali ba wanda ya duba ko hanya a buɗe take.

A fara da lissafin kwana, don nan ake soma ruɗewa. Cikin kyanwa yakan kai kwana 63 zuwa 67, galibi wajen 65. Wata takan haihu a kwana 60, wata ta kai 70, kuma duk lafiya. 'Ya'yan da suka zo kafin kwana 58 da wuya su rayu. Matsalar ita ce kyanwa ba ta sakin ƙwai sai muzuru ya hau ta, kuma barbarar takan ɗauki kwanaki, sau da yawa ma ba muzuru ɗaya ba. Don haka idan mai ita ya ce "yau kwananta 66", a tambaye shi daga wace rana ya fara ƙirga. Mafi yawansu daga ranar da suka lura ciki ya fito suke ƙiyasi. Abin da ya fi taimako ga mai cikin fari shi ne a tambayi ranar da kan nononta ya yi ja ya kumbura. Wannan yakan faru wajen mako 3 da ɗaukar ciki, kuma ya fi bayyana a jikin wadda ba ta taɓa shayarwa ba. Daga ranar a ƙara mako 6, an kusa gaskiya. Idan an samu dama a ɗauki hoton ƙashi bayan kwana 45, a ƙirga kawuna da ƙashin baya, a rubuta adadin a kati. Wannan lambar kaɗai takan raba gardama da ƙarfe uku na dare.

Saura mako ɗaya ko biyu za ta fara neman wuri. Za ta shiga bayan kaya, ƙarƙashin gado, cikin durowa, ta tona tsumma ta fita. Nonuwa za su cika, gashin da ke kewaye da su ya ragu. Wannan ba naƙuda ba ce, shiri ne. A ba ta kwali mai faɗin da za ta miƙe sosai a ciki, a yanke gefe ɗaya a bar tsayin kamar santimita 10 zuwa 15 don kada 'ya'ya su gangaro, a shimfiɗa tawul mai haske wanda zai nuna launin duk abin da ya zubo. Baƙin tsumma yana ɓoye jini.

A kwana biyun ƙarshe alamu sukan taru. Idan aka matsa kan nono a hankali za a iya ganin ɗigon dakashi, amma a lura, mai cikin fari sau da yawa nononta ba ya kawowa sai bayan ɗan farko ya fito, don haka rashinsa ba ya nufin da sauran lokaci. Cin abinci yakan ragu ko ya tsaya wajen awa 24 kafin haihuwa, kodayake akwai masu ci har zuwa lokacin yunƙuri. Hali ma yakan juya: mai gudun mutane ta dawo tana bin ƙafa tana kuka, mai son jiki ta ɓuya. Sai batun zafin jiki, wanda littattafai suke ba shi girman da bai kai ba. Zafin lafiyayyar kyanwa yana tsakanin digiri 38.1 da 39.2 a ma'aunin Salshiyas, kuma yakan sauka ƙasa da 37.8 cikin awa 12 zuwa 24 kafin naƙuda. A jikin karya, wato macen kare, wannan alama ce da za a dogara da ita. A kyanwa ba haka ba ne, saukar takan zo ta wuce ba a kama ta ba, wani lokaci ma ba ta zuwa. Idan kyanwar ta yarda, a auna safe da yamma daga kwana 60. Idan sai an danne ta kafin a sa ma'auni a duburarta, a haƙura, don tsoron da za a jefa ta ciki ya fi amfanin lambar.

Yanzu ga wurin da ake faɗawa rami. Matakin farko na naƙuda, lokacin da bakin mahaifa yake buɗewa, ba a ganin yunƙuri a ciki ko kaɗan. Abin da ake gani shi ne kyanwa tana kai da kawo, tana haki baki buɗe, tana kuka, tana rurin nan na maƙogwaro da ƙarfi fiye da kullum, tana lasar gabanta ba ƙaƙƙautawa. Za ta je wurin yashinta ta tsuguna ba ta yi komai ba, ta dawo, ta sake komawa. Tana iya yin amai sau ɗaya. Wani ɗan ruwa mai yauƙi, fari ko mai ɗan sirkin ja, yana iya fitowa. A wadda ta saba haihuwa wannan matakin yakan ɗauki awa 6 zuwa 12, wani lokaci ba a ma lura da shi. A mai cikin fari yana iya kaiwa awa 36, kuma lafiyarta ƙalau. Mai ita kuwa tun awa ta huɗu ya gama yanke hukunci cewa haihuwa ta gagara.

Yadda ake bambancewa ba wuya, haƙuri kawai yake buƙata. A zauna daga gefe a zuba wa cikinta ido na minti 15. A matakin farko ciki yana ɗaurewa ya saki a hankali, sai an ɗora tafin hannu ake ji. A mataki na biyu duk jikinta ne yake aiki: ta kwanta a gefe ko ta tsuguna, ciki ya matse da ƙarfi ana gani, jela ta ɗaga, ta yi nishi. Daga yunƙurin farko na gaske ake fara duba agogo, ba daga kukan farko ba. A rubuta lokacin a kati da minti. Ɗan farko yakan fito cikin minti 30 zuwa 60, tsakanin ɗa da ɗa kuma minti 10 zuwa awa ɗaya. Fitowa ta ƙafafun baya abu ne da aka saba gani a kyanwa, ba dalilin ta da hankali ba ne muddin yana tafiya.

To, a irin wannan dare ne ake kiran babban likita a waya, ya ji kukan kyanwa ta cikin wayar, ya ce "ku yi mata allura ku gani". Oksitosin ba ya buɗe bakin mahaifa da ya toshe, ba ya gyara kwanciyar ɗan da ya gitta, ba ya faɗaɗa ƙugun da ya taɓa karyewa ya haɗe a matse. Aikinsa ɗaya ne, ya matsa mahaifa. Idan hanya a rufe take, mahaifar za ta matse 'ya'yan a wurin da ba mafita. Idan an yi yawa kuma, ba za ta riƙa matsawa tana saki ba, ɗaurewa za ta yi gaba ɗaya, jinin da ke zuwa mabiyiya ya yanke, mabiyiyar ta saɓule kafin lokaci, 'ya'yan su shaƙe a ciki. Mafi muni mahaifar ta yage. Da safe idan an buɗe ciki aka tarar da haka, tambayar da ake yi ita ce wa ya riƙe sirinji, ba wa ya ba da umarni ba. Shi ya sa nake cewa duk umarnin da ya zo ta waya a rubuta shi a kati da sa'arsa da sunan mai bayarwa, a gaban shaida in da hali. Ba rashin ladabi ba ne.

Kafin a taɓa kwalbar nan, abu huɗu ne sai an yi. A sa safar hannu da man santsi a duba hanya da ɗan ƙaramin yatsa a hankali, a ji ko akwai kai ko ƙafa ko jela a maƙale. A ɗauki hoton ƙashi a ga adadin 'ya'ya, kwanciyarsu, da girman kai idan aka gwada da faɗin ƙugu. A duba bugun zuciyarsu da na'urar sikanin: lafiyayyen ɗa yana bugawa sama da 200 a minti, idan ya sauka ƙasa da 180 yana cikin wahala, kuma a nan maganar tiyata ake yi, ba allura ba. Sannan a auna sukari da kalshiyam na uwar, don mahaifar da ta gaji saboda ƙarancinsu ba za ta amsa oksitosin ba. Sai duk wannan ya nuna hanya a buɗe, kasalar mahaifa ce kawai, sannan likita ya ba da ɗan kaɗan, abin da bai wuce yunit 1 ba, a jira minti 30. An yi sau biyu ko uku ba a ga komai ba, an gama da wannan hanyar. Tsofaffin littattafai sun rubuta adadi mai yawa, kuma har yanzu akwai masu aiki da abin da suka haddace tun suna ɗalibai.

Mai cikin fari ta fi buƙatar wannan binciken saboda takan ɗauko 'ya'ya kaɗan, biyu ko uku, wani lokaci ɗaya tak, kuma idan sun yi kaɗan sukan yi girma. Wata ma ita kanta ba ta gama girma ba, tun tana wata biyar ko shida aka hau ta. Jinsin Fashiya masu faffaɗan kai da jinsin Siyam sun fi saura fuskantar wahalar haihuwa.

Akwai kuma hutun tsakiyar haihuwa, wanda shi ma ya ja wa kyanwoyi da yawa allurar da ba su buƙata. Kyanwa tana iya haifar biyu, ta tsaya cak, ta lashe su, ta shayar, ta ci abinci, ta yi barci, sannan bayan awa 24 har zuwa 36 ta ci gaba ta haifi sauran da ransu. Hayaniya da yawan leƙe da sauya mata wuri suna jawo wannan, kuma mai cikin fari ta fi saurin tsorata. Muddin ba ta yunƙuri, ba zazzaɓi, ba wari, bugun zuciyar na ciki yana daidai, to a rage fitila a ja ƙofa. Wanda ya yi haka za a ce ya kwana bai yi aikin komai ba. A bar su su faɗa.

Inda ba a jira kuwa a bayyane yake: yunƙuri mai ƙarfi ba ƙaƙƙautawa na minti 20 zuwa 30 ba ɗa, ɗa ya leƙo ya tsaya sama da minti 10, yunƙuri mai rauni yana zuwa yana tafiya sama da awa 2, jini ja yana zuba ba tsayawa, ruwa mai duhu, ja mai ƙasa-ƙasa ko kore, ya fito kafin ɗan farko, alamar mabiyiya ta rabu ke nan, ruwa mai wari, zafin jiki sama da 39.5, dasashi ya yi fari, rawar jiki ko sanƙarewa, ko ciki ya wuce kwana 70 a lissafi mai tabbas. Idan ɗa ya fito rabi, a kama shi da tsumma mai tsabta ta kafaɗa ko ƙugu, ba ta ƙafa ɗaya ko jela ba, a ja a hankali zuwa ƙasa wajen ƙafafun uwar, daidai lokacin da take yunƙuri. Ya ƙi motsi bayan gwaji biyu, a saki.

Bayan ɗan farko ya faɗo, wata mai cikin fari takan tsaya tana kallonsa kamar ba daga jikinta ya fito ba, wata ma ta tashi ta bar shi cikin jakarsa. A ba ta minti ɗaya. Ba ta yage jakar ba, a yage daga wajen fuska, a share hanci da baki, a goge shi da tawul mai ɗumi da ɗan ƙarfi har ya yi kuka. Wujijjiga jariri don fitar da ruwa an daina, yana illata ƙwaƙwalwa. Cibiya a ɗaure da zare santimita 2 zuwa 3 daga ciki, a yanke ta gefen mabiyiya, a shafa aidin. A ajiye shi a bakin nono a ja da baya, yawanci kukansa ne yake tayar da uwar.

Sauran darussan gajeru ne. A ƙirga mabiyiya, ɗaya ga kowane ɗa, kuma uwa ta ci ɗaya ko biyu ya isa, fiye da haka zawo ne. A auna kowane ɗa da ma'aunin giram: 90 zuwa 110 daidai ne, ƙasa da 75 a sa masa ido, kuma ya riƙa ƙara giram 10 zuwa 15 kullum. Dakashi ya shiga cikinsu a awannin farko, bayan kwana ɗaya hanjinsu ya daina karɓar garkuwar da ke ciki. Ɗan da jikinsa ya yi sanyi a ɗumama shi kafin a ba shi komai. Kada a bar mai kyanwa ya tafi ba a gaya masa cewa farasitamol guba ne gare ta ba, ko da ɗan ɓari ne. A kuma gaya masa tana iya sake ɗaukar ciki cikin 'yan makonni tana kan shayarwa, don haka ranar da za a sallame ta a rubuta masa ranar dawowa don maganar cire mahaifa bayan yaye.